Fatalwa a Gidan Bature: Amsoshin Wasiƙunku

Assalamu alaikum masu karatu. Wasiƙu huɗu na ware a wannan watan. Daga garuruwa daban-daban suka fito, amma magana ɗaya suke kewayawa, wato labaran fatalwa da na ban tsoro da aka rubuta a zamanin mulkin mallaka. Na taƙaita su saboda fili, ban taɓa ma'anarsu ba.

TAMBAYA: Malam, ni ɗaliba ce a sashen Ingilishi, ina aji biyu a jami'a. An ba mu jerin gajerun labarai na zamanin mulkin mallaka, kusan duk na fatalwa ne da tsafi da gidajen da ba a iya kwana a cikinsu. Malaminmu ya ce sunan salon gotik. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, mutanen da suka zo da bindiga da jirgin ƙasa suna ce mana mu ne masu camfi, me kuma ya haɗa su da tsoron fatalwa?
Daga wata ɗaliba, Zariya.

AMSA: 'Yata, Allah ya ba da sa'ar karatu. Abin nan da ya ɗaure miki kai shi ne bakin zaren, kada ki sake shi.

Mu fara da salon kansa. A shekarar 1764 Horace Walpole, ɗan firaministan Ingila na farko, ya fitar da wani ɗan littafi mai suna The Castle of Otranto. Labarin wata tsohuwar fada ce a Italiya. Ranar ɗaurin auren ɗan sarki sai wani ƙaton kwalkwali ya faɗo ya murƙushe ango. Daga nan abin al'ajabi ya yi ta bin wani: hoton kaka ya sauko daga bango yana tafiya, mutum-mutumi ya zubar da jini ta hanci. Sai a ƙarshe asiri ya tonu, ashe kakan sarkin guba ya ba mai sarautar na gaskiya, ya ƙaga wasiyyar ƙarya, ya haye gadon. Ki riƙe wannan da kyau. Tun ranar farko, labarin gotik labarin dukiyar ƙwace ne, da gidan da aka zauna ba bisa haƙƙi ba, da mamacin da ya ƙi kwanciya sai an mayar masa da nasa. Tsohon gini da duhu da ƙofar da ba a buɗewa, duk kayan ado ne.

Marubutan farko Italiya da Sifen suke kai labaransu, nesa da gida. Da daular Ingila ta faɗaɗa sai wannan nesan ya koma Indiya da Masar da tsibiran Karebiyan da Afirka. Wani manazarci ɗan Amurka, Patrick Brantlinger, a littafinsa na 1988 ya kira wannan reshe gotik na daula, ya nuna ya fi bunƙasa daga wajen 1880 zuwa 1914, daidai shekarun da ake rabon Afirka.

To me ya tsorata su? Da farko dai mutuwa ce ta zahiri. Bature a Indiya a tsakiyar kaburburan 'yan'uwansa yake zaune. Kwalara da zazzaɓi da atini ba sa jira. Mutum zai ci abincin dare da abokinsa, kafin rana ta sake faɗuwa an binne abokin saboda zafi. Maƙabartar Turawa ta titin Park a Kalkata, wadda aka buɗe a 1767, cike take da kaburburan matasa da jarirai. Namu yankin ma na Afirka ta Yamma kabarin Bature suke kiransa. Gwamnati ta gina masaukai a kan hanyoyin wasiƙu, irin barikin da Di'o kan sauka in ya fita rangadi: ɗaki biyu ko uku a tsakiyar daji, da tsohon kuku, da fitila ɗaya. Matafiya da yawa a irin waɗannan ɗakuna ciwo ya kama su suka cika, babu dangi a kusa. Wanda ya kwanta a gadon washegari ya san haka. Shi ya sa masaukin hanya ya zama wa marubutan Indiya abin da tsohuwar fada ta zama wa Walpole.

Sai 1857. Sojojin Indiya da ke yi wa kamfanin Ingila aiki suka yi tawaye, aka fara daga Mirat a watan Mayu. A Kanfur an kashe mata da yaran Turawa kimanin 200 aka zuba a rijiya. Turawa suka rama da kisan da ya ninka wannan nesa ba kusa ba, suna rataye mutane a bishiyoyi, suna ɗaure wasu a bakin igwa su harba. Bayan ƙura ta lafa, sai ga iyalin Bature a gida ɗaya da kuku da mai reno da mai jan fanka da mai gadi, mutanen da ba ya jin harshensu sosai, kuma ya san abin da aka yi wa garuruwansu. Matan ma'aikata su suka fi jin wannan zaman, tunda su ke wuni a gida. Ba mamaki da biyu daga cikin fitattun masu rubuta irin waɗannan labarai mata ne, Bithia Croker da Alice Perrin, kuma fatalwowinsu na cikin gida ne: gidan haya mai arhar da ba a gane dalilinta ba, mai reno da ta san abin da uwar gida ba ta sani ba.

Akwai kuma kasuwa. A Ingila an saba da labarin fatalwa a mujallun Kirsimeti. A Indiya kamfanin Wheeler na sayar da ƙananan littattafai a tashoshin jirgin ƙasa kan rufi ɗaya na kuɗin Indiya, a ciki ne tarin labaran ban tsoro na Rudyard Kipling ya fito a 1888. Batun camfi kuwa, a Landan ɗin kanta aka kafa ƙungiyar binciken ruhohi a 1882, da malaman jami'a a cikinta, kuma zaman kiran ruhin mamaci a falo ruwan dare ne a lokacin. Saboda haka camfi bai taɓa zama namu mu kaɗai ba.

Amma duk waɗannan dalilai ba su kai abin da labaran da kansu ke faɗa ba. Ɗauki The Brown Hand, wanda Arthur Conan Doyle ya buga a 1899. Wani babban likitan fiɗa ya bar aiki a Indiya ya koma Ingila da dukiya mai yawa, amma shekara huɗu bai yi barcin kirki ba. Tun yana Peshawar aka kawo masa wani talaka daga tsaunukan Afganistan da ciwo a hannu, dole sai an yanke. Da aka yanke, likita ya ce hannun ne ladan aikinsa, zai sa shi a kwalba cikin kayan nazarinsa. Mutumin ya ƙi, domin yana so jikinsa ya zama cikakke bayan mutuwa. Da ƙyar ya yarda a ajiye masa, da sharaɗin zai buƙaci abinsa in ya mutu. Gobara ta tashi a gidan likita a Bombai ta cinye hannun. Mutumin ya rasu. Tun daga nan kowane dare sai ga shi yana bin kwalaben ɗaya bayan ɗaya yana dubawa, in bai gani ba ya girgiza likita ya ta da shi. Yaya aka warware? Ɗan ɗan'uwan likitan ya tafi wani asibitin ma'aikatan jirgin ruwa a Landan, ya samo hannun wani matuƙi ɗan Asiya da aka yanke. Ya kawo na hagu, fatalwa ta fusata. Ya koma ya kawo na dama, ta karɓa, ta yi gaisuwa, ta tafi. Likita ya sami barci, ɗan ɗan'uwan ya gaji dukiya.

Wannan ƙarshen yana ɓata mini rai. Labarin ya yarda an ci amana, ya yarda mai hannu yana da gaskiya. Sai kuma ya biya shi da hannun wani, tamkar hannun mai duhun fata duk ɗaya ne. Shi kuma matuƙin da aka kwashi hannayensa, ko sunansa ba a faɗa ba, kuma babu wanda ya tambaya ko shi ma zai zo neman nasa.

Kipling ya fi shi zurfi, ya kuma fi shi tsanani. A wani labarinsa na masaukin hanya ya bugi ƙirji ya ce ba a taɓa tabbatar da cewa fatalwar ɗan ƙasa ta tsorata Ba'ingile ba, kuma ƙarar da ta hana mai labarin barci ta zama ta ɓera ce da sakakkiyar taga. Shekara biyu bayan haka, a 1890, sai ga The Mark of the Beast. Wani Bature mai suna Fleete ya bugu a daren sabuwar shekara, ya kutsa wurin bautar Hindu, ya murje wutar sigarinsa a goshin gunkin Hanuman. Wani kuturu da ke wurin ya fito ya ɗora kansa a ƙirjinsa. Washegari tabo ya fito a wurin, dawakai suka fara gudunsa, ya koma cin ɗanyen nama, da dare yana kuka irin na kerkeci. Likita ya ce ciwon haukan kare ne, babu magani. Abokansa biyu, ɗaya jami'in 'yan sanda, suka kama kuturun suka ɗaure, suka gasa bakin bindiga a wuta suka gana masa azaba har ya warware abin. Da aka zo kan azabar, mai labarin cewa ya yi wannan wurin ba na bugawa ba ne. Kin ga inda dabbancin ya koma? Ya bar jikin Fleete ya shiga hannun masu cetonsa, kuma mai labarin ya san haka, domin ya ce sun zubar da mutuncinsu na Ingilawa har abada. Amma kuturun ko kalma ɗaya ba a ba shi ya furta ba daga farko har ƙarshe.

Akwai wani ɗan abu a The Phantom Rickshaw da ɗalibai kan wuce ba su gani ba. Wani ma'aikaci a Simla ya yaudari wata Baturiya ya yar da ita, baƙin ciki ya kashe ta, sai ta riƙa fito masa a kan hanya cikin kekenta irin wanda mutane ke ja. Kowa a kan matar yake magana. Amma keken su wa ke jan sa? 'Yan Indiya huɗu ne, wa da ƙanne, waɗanda labarin ya ce kwalara ta kashe su duka. Sun mutu, amma suna nan cikin kayan aiki suna jan uwar ɗakinsu. Ko mutuwa ba ta sallame su ba.

In kuna da Jane Eyre na Charlotte Brontë, na 1847, a jerinku, ki sa shi a wannan sahu. Dariyar da ake ji cikin dare a gidan Rochester ta matarsa ce Bertha, wadda ya auro daga Jamaika tare da dukiyar fam 30,000, sannan ya kulle ta a ɗakin can saman bene. Kuɗin tsibirin da aka gina da gumin bayi yana riƙe da gidan, matar da ta zo da shi tana kulle, ita ce kuma ta cinna wa gidan wuta.

Hausawa na cewa alhaki kwikwiyo ne, mai shi yake bi. Wannan ne nake gani a cikin labaran nan. Wanda ba zai iya tsayawa a majalisa ya ce mun ɗauki abin da ba namu ba, yana iya rubuta cewa wani abu na ƙwanƙwasa ƙofa cikin dare. Sai dai labarin kan ba shi damar jin tsoron ba tare da ya biya bashin ba. In za ki rubuta jinga, kowane labari ki tambaye shi me aka ɗauka, kuma wa aka hana magana.

TAMBAYA: Malam, mu Musulmi mun san wanda ya mutu ba ya dawowa. Ina koyarwa a makarantar sakandare, na ga irin waɗannan labarai a ɗakin karatunmu. Ba za su gurɓata wa yara aƙida ba?
Daga wani malamin makaranta, Maraɗi.

AMSA: Malam, Allah ya saka da wannan kula. Fatawa ta malaman addini ce, amma aƙidar a fili take. A Suratul Mu'minun, aya ta 99 da ta 100, mai mutuwa ya roƙi a mayar da shi duniya aka ce a'a, akwai barzahu a bayansu har ranar tashi. Yaron da ya san wannan ba gajeren labari ne zai girgiza shi ba. Mu ma da dodo da kura mai magana aka raine mu, kuma kakanninmu kan rufe tatsuniya da cewa ba don Gizo ba da sun yi ƙarya. Kowa ya san a fagen ƙage yake.

Ni abin da na fi ji wa yara tsoro ba fatalwar ba ce. Hoton mutum nake tsoro. Yaro ya karanta labari goma, a cikin kowanne mai duhun fata ko boka ne, ko bara, ko wata halitta marar baki, sai abin ya zauna masa ba tare da ya sani ba. Maganin wannan kuwa shi ne kai ka zauna da su a kan littafin, kada ka bar su da shi su kaɗai.

In kana neman na farawa, ga The Monkey's Paw na W. W. Jacobs, na 1902. Wani tsohon saje da ya daɗe a Indiya ya kawo wa wani iyali busasshen hannun biri mai biyan buƙata uku, ya gargaɗe su cewa wanda ya yi masa asiri ya yi ne don ya nuna ƙaddara ce ke juya rayuwar mutane, mai yi mata shisshigi kuma zai yi kuka. Maigida ya roƙi fam 200. Washegari inji ya kama ɗansu ɗaya da ya rage musu a masana'anta ya kashe shi, kamfani ya aiko da diyyar fam 200. Uwa ta matsa a roƙi dawowarsa. Cikin dare aka fara buga ƙofa, tana kokawa da sakata, uban kuwa da ya ga gawar yana lalube a ƙasa yana neman hannun don ya yi roƙo na uku. Ta buɗe, babu kowa. Yara za su yi muhawarar ƙaddara da kwaɗayi a kansa har a buga ƙararrawa. In sun gama ka tambaye su me ya sa sai daga Indiya masifar za ta shigo gidan, alhali injin da ya kashe yaron na Ingila ne. Labarin kuturun da na ambata a sama kuwa, ka bar shi sai 'yan ajin ƙarshe.

TAMBAYA: Ɗan'uwa, kullum na Turawa ake faɗa. Waɗanda aka mallaka fa, ba su rubuta nasu ba? Mu Hausawa ina namu?
Daga wata Hajiya, zangon Nima, Akra.

AMSA: Hajiya, ranki ya daɗe, sun rubuta, kuma nasu ya sha bamban.

A 1895 Rabindranath Tagore, ɗan Bangal da ya karɓi kyautar Nobel a 1913, ya rubuta labarin duwatsu masu yunwa. Wani mai karɓar harajin auduga ya tare a wata tsohuwar fadar sarakunan Musulmi da ta zama kango. Da rana yana sanye da kwat da hular Turawa yana cika takardu. Da dare fadar sai ta farfaɗo, ya ji ƙarar mundaye da ƙamshin turare, ya tsinci kansa cikin tufafin mutanen da, yana bin wata baiwa da ke roƙon a cece ta. Wani mahaukaci na zagaya ginin yana ihu cewa a ja da baya, duk ƙarya ne. A nan mai tsoron ɗan ƙasa ne, abin da ke jan sa kuma tarihinsa ne, yana rabe tsakanin kwat ɗin rana da rigar dare. Kuma labarin bai ƙare ba, domin a tashar jirgi ake ba da shi, jirgi ya iso, wani Bature ya kira mai labarin zuwa taragon manya. Daga baya, a 1966, Jean Rhys, haifaffiyar tsibirin Dominika, ta ɗauki matar nan da aka kulle a saman bene ta ba ta ƙuruciya da uwa da baki a littafinta Wide Sargasso Sea.

A ƙasar Yarabawa D. O. Fagunwa ya fitar da labarin maharbi a dajin iskoki a 1938, Amos Tutuola kuma ya biyo da nasa biyu a 1952 da 1954. A na biyun, yaro ɗan shekara bakwai ne ya faɗa dajin fatalwowi yana gudun masu kamen bayi. Bambancin shi ne, a wurinsu iskoki maƙwabta ne. Suna da garuruwa da kasuwa da kotu, ana ciniki da su, ana aure, ana yi musu wayo. Ba baƙin abu ba ne da ya kutso daga wata nahiya.

Namu kuwa ta hannu biyu ya shiga takarda. Hannu na farko na jami'an mulki ne masu tattarawa. Frank Edgar ya buga Litafi na Tatsuniyoyi na Hausa, juzu'i uku, tsakanin 1911 da 1913, daga abin da malamai suka rubuta da ajami. A nan ƙasarku, Hajiya, wani malami da ake kira Malam Shaihu ya rubuta wa R. S. Rattray tatsuniyoyi da al'adu aka buga a 1913. A. J. N. Tremearne kuma ya bi bori har Tunis da Tarabulus ya fitar da littafi a 1914. Mun amfana da wannan adanawa, ba na musu. Amma sunan Bature ne a bango, kuma abin da a ƙasarsu ake kira adabi, namu a ƙarƙashin camfi aka jera shi. Hannu na biyu namu ne. Gasar da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933 ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na yayansa Bello Kagara, duka biyun da aljanu a ciki. Ganɗoki ya fi taɓa ni. Jarumi ne da ya yaƙi Turawa, da aka ci su da yaƙi sai ya nausa gabas ya shiga duniyar aljanu, inda takobinsa ke da sauran amfani, sannan ya dawo ya tarar ƙasa ta sauya. Nasarar da bindiga ta hana shi a gida, a can ya same ta.

Amma amsa mafi ƙarfi da na sani ba a takarda aka ba da ita ba. A wajen 1925, a yankin Filinge na Nijar, wasu sababbin iskoki suka ɓulla cikin masu bori, ana kiransu Hauka, a wajen Dogondutsi kuma Babule. Iskokin nan siffar masu mulki suke da ita: Gwamna, Kumanda, Kofur, Likita, matar Likita. Wanda suka hau sai ya miƙe ƙyam, ya yi fareti, ya sara, ya riƙa ba da oda da tsawa. Kumandan Yamai na lokacin, Crocicchia, ya sa aka kame waɗanda iskokin ke hawa aka daka aka kulle. Ba a jima ba sai ga shi shi ma a cikin sahun iskokin, da sunan Kumanda Mugu. 'Yan ci-rani suka kai abin ƙasarku, har Bafaranshe Jean Rouch ya ɗauki fim ɗinsu a kusa da Akra, ya fito a 1955, hukumomin Ingila suka hana nuna shi a ƙasar. Ba tallan bori nake yi ba, matsayin addini a kansa sananne ne. Tarihi nake nuna miki. A littafin Bature mai duhun fata ne ke zuwa cikin dare. A Filinge kuwa abin da ke kama jikin mutum ya hana shi ikon kansa, yana daka masa tsawa, Bature ne.

TAMBAYA: Baba, ina rubuta labaran ban tsoro ina sakawa a intanet, masu karatu na yabawa. Amma wani ya ce mini duk kwaikwayon fina-finan waje ne, da tsohon bene da mace mai farin mayafi. Ta ina zan gyara?
Daga wani matashin marubuci, Kano.

AMSA: Ɗana, wanda ya faɗa maka haka masoyinka ne. Tsohon bene ya yi aiki a hannun Walpole ne saboda akwai laifi a ƙarƙashinsa. Ka nemi wurin da laifi yake a ƙarƙashinsa a ƙasarku.

Ga biyu. Daga Fabrairu zuwa Afrilun 1899 wata mujalla a Birtaniya na buga Heart of Darkness na Joseph Conrad kashi-kashi, labarin Baturen da ya haukace a Kwango ya kafa kawunan mutane a kan sanduna, littafin da Chinua Achebe ya yi wa kaca-kaca a laccarsa ta 1975 saboda ya mayar da 'yan Afirka inuwa marasa baki. A daidai waɗannan watanni ayarin sojan Faransa ƙarƙashin Voulet da Chanoine yana ratsowa zuwa ƙasar Hausa yana ƙone garuruwa. A Afrilu suka auka wa Lugu, garin Sarauniya Mangu. A Mayu suka yi kisan kiyashi a Birnin Ƙonni. A Yuli Voulet ya sa aka harbe Kanar Klobb, wanda gwamnatinsu ta aiko ya tsayar da su, a kusa da Tasawa, kwana kaɗan bayan haka sojojinsu suka kashe su duka biyun. Na biyu Satiru ce, kudu da Sakkwato. A Fabrairun 1906 mutanen garin, talakawa da bayin da suka gudo, suka kashe Turawa uku da sojoji da dama. A Maris aka dawo da manyan bindigogi aka kashe kimanin mutum 2,000, aka rushe garin, aka la'anci duk wanda zai sake gini ko noma a wurin. Ya zama kufai.

Ba sai ka ta da mamaci ba. Kana da mafarki, kana da aljanin kufai, kana da rijiyar da aka daina sha, kana da jikan wanda ya yi wa ayarin jagora ko tafinta, wanda ya gaji gona bai san yadda aka same ta ba. Sharaɗina ɗaya ne, kada ka maimaita abin da aka yi wa kuturun Kipling da matuƙin Doyle. Wanda aka zalunta ka ba shi suna da uwa da sana'a, ka bar shi ya faɗi abin da yake nema da bakinsa. Kafin ka rubuta layi ɗaya ka je ka zauna da tsofaffin yankin, ka gaishe su yadda ya kamata, ka nemi izini, domin zuriyar waɗanda abin ya shafa suna raye. In ka gama babi na farko ka aiko mini ta adireshin mujalla, zan karanta in ba ka amsa.